Farin Waken Da Ya Dawo Daga Teciman

A kasuwar Puytenga, in ka ce kana neman Sibdu Sandwidi, ba wanda zai tambaye ka wace Sibdu. Layin 'yan hatsi za a nuna maka, a ce ka miƙe har ka iske sito mai koriyar ƙofa, wanda kullum mata ne cike a bakinsa. Gajeriyar mace ce kakkaura, ta haura hamsin, muryarta kuwa daga tashar mota ana jiyo ta. Da kwano ɗaya ta fara sana'a, tana auna wake a kan shimfiɗaɗɗen buhu a gefen hanya. A hankali ta zama shugabar ƙungiyar mata manoman wake na ƙauyuka uku, Zaongo da Tansega da Yargo. Kowace kaka matan sukan kawo abin da suka samu a jibge a siton, ita kuma ta loda a mota ta tsallaka da shi Gana, ta dawo a raba abin da Allah ya bayar.

Mutum ɗaya take kai wa. Shekara goma sha huɗu ke nan duk waken da ya fita daga wannan sito hannun Mame Serwa yake faɗawa, wata babbar dillaliya a kasuwar Teciman. Serwa ba ta jin yaren Mosi, Sibdu ba ta jin na Asante, da guntuwar Hausar kasuwa suke fahimtar juna. Amma ranar da mijin Sibdu ya rasu, Serwa ta yi kwana biyu a mota ta zo gaisuwa, ta zauna a tabarma cikin dangi har aka yi bakwai.

Serwa ce ta taɓa ce mata mutanensu farin wake mai manyan ƙwaya suke so, in za a samu shi kaɗai, ko nawa ne za ta ɗauka. Sibdu ta bi ƙauyukan nan gida-gida, tana lallashin mata su bar ɗan jan waken da suka gada, su rage gujjiya, su cika gonakinsu da farin. Wasu suka yi gardama, daga baya suka bi. Shekara shida abin yana tafiya daidai. Ɗakuna suka sami rufin kwano, 'yan mata suka zauna a makaranta, har a Yargo aka haɗa hannu aka sayi injin niƙa.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau fiye da kullum. Buhu ɗari huɗu da 'yan kai suka taru, har da ƙyar ƙofar siton ke rufuwa. Sibdu ta kira Serwa da murnarta.

"'Yar'uwa, ki ɗan dakata tukun," in ji Serwa. "Kasuwa ba daɗi."

"Yaushe kasuwa ta taɓa yin daɗi a bakinki?" Sibdu ta yi dariya. "Ko bara haka kika ce, kika kwashe har da tsintuwar ƙasa."

"Bana daban ce. Kuɗinmu sidi ya faɗi. Ki ba ni wata ɗaya."

Ta ba ta wata ɗaya. Da ta sake kira, maganar ba ta canja ba. Sibdu ta ɗauka salon ciniki ne kawai, don ta san halin ƙawarta. Ga mata kuma kullum suna bakin sito, wannan ɗanta za a koro daga makaranta, waccan surukarta na asibiti. Sai ta yanke shawara ita kaɗai: in Serwa ta ga wake a ƙofar shagonta, ai ba za ta ce a mayar ba. Ta sa aka juye buhu ɗari biyu daga buhunan ajiya masu leda a ciki zuwa buhunan tafiya, ta aika a kira Drabo.

Drabo direban babbar mota ne, ɗan ƙabilar Samo, dogo siriri mai wushirya. Tsakanin Samo da Mosi kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, ba a gaisawa sai an taɓa juna.

"Ina baiwar nan tawa?" ya ce tun daga nesa. "An ce kina neman ubangidanki."

"Ubangida da silifa ƙafa ɗaya ja, ƙafa ɗaya shuɗi? Zo nan, bawan gidanmu, ka ɗauki kaya."

"Ku 'yan Mosi wake ya gama da ku. Shi ya sa ba na rufe gilashi in na ɗauko ɗayanku."

Aka yi dariya, aka yi lodi. Matan da ke wurin suka raka motar da addu'a har bakin kwalta.

Kwana uku suka yi a hanya, ta Tenkodogo da Bitu, suka tsallaka iyaka, suka bi Tamale da Kintampo. Shingaye sun ƙaru a kan na bara, kowane shinge sai an tsaya an duba takarda an kuma ɗan taɓa aljihu. Sibdu ta saba, ba wannan ne ya dame ta ba. Abin da ya fara tsinka mata zuciya shi ne motocin da suka riƙa wucewa a gefen titi bayan Tamale, a tsaye, an rufe su da tamfol, direbobi na kwance a ƙarƙashi. Ta san ɗaurin buhun wake ko a mafarki.

"Waɗannan fa?" ta tambayi Drabo.

"Jira suke," ya ce. Daga nan bai ƙara tsokanar ta ba har suka shiga gari.

Layin wake na kasuwar Teciman ya cika ya batse. Buhuna har kan hanya, fari da ja, na arewacin Gana da na Nijar, har da wani ƙanƙani mai sheƙi da aka ce ta jirgin ruwa ya shigo. Masu saye kuwa ka ƙirga su da yatsu. Serwa na zaune a kan benci a bakin shagonta. Da ta hango Sibdu ta miƙe, ta dafa kai da hannu biyu.

"Wayyo, 'yar'uwa! Ban ce ki dakata ba?"

"Na dakata har na gaji. Ga shi can a mota, buhu ɗari biyu. Ki zo ki gani, bana ko tsakuwa ɗaya babu."

Serwa ba ta je ta gani ba. Ta kama hannunta ta ja ta zuwa gida, ta sa aka daka sakwara da miyar gyaɗa, ta zauna tana kallon ta har ta ci. Sannan ta yi mata bayani dalla-dalla. Da sefa, kuɗin su Sibdu, take biyan wake, bana kuwa sidin da za ta zuba kafin ta sami sefar ya kusa ninkin na bara. Masu dafa waken sayarwa a Kumasi da Ankara sun koma kan mai araha, ba ruwansu da girman ƙwaya. Makarantun kwana biyu da take kai wa sun sami wani mai kawo musu. Shagonta ma rabi ta ba wata haya.

"Arba'in zan iya," ta ce. "Su ma don ke ce."

"Arba'in? Serwa, mata ɗari da ashirin ke bayana. Ke kika ce mu shuka farin nan. Ke da bakinki."

"Ni na ce. Ban yi ƙarya ba a lokacin." Serwa ta share ido da bakin zane. "Kin ga na taɓa cin amanarki? Kasuwar ce ta juya mana baya, ni da ke duka."

Kwana biyu Sibdu tana zaga layin da ɗan wake a tafin hannu. Sai a ranar ta gane cewa a shekara goma sha huɗu ba ta san kowa ba a kasuwar nan ban da Serwa. Dillalan suka riƙa murza waken suna yabawa, sannan su yi tayin da ko kuɗin mota ba zai fitar ba. Wata ma cewa ta yi ta sauke ta bari a hannunta, in an sayar a kira ta. Sibdu ta dubi tulin buhunan da ke bayan matar, waɗanda masu su su ma kira suke jira, ta yi godiya ta wuce.

Rana ta uku Drabo ya same ta a inuwar mota.

"Yaya Sibdu," ya ce. Bai taɓa kiran ta haka ba. "Mai motar yana ta kira. Ko mu sauke, ko mu juya."

Ta daɗe tana kallon tayar motar. "Mu juya," ta ce.

Ranar kasuwa suka shiga Puytenga, da hantsi, lokacin da layin 'yan hatsi ya fi cika. Motar da ta tafi Gana doya da ayaba aka saba gani ta dawo da su. Da aka yaye tamfol mutane suka ga buhunan da suka yi wa rakiya kwana tara da suka wuce. 'Yan dako suka fara saukewa ba mai waƙa. Sibdu ta tsaya a bakin sito tana nuna musu inda za su jera, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba.

Bayan kwana biyu aka yi taro a gindin tsamiyar Zaongo. Sibdu ta faɗi abin da ya faru ba ta ɓoye komai ba, har da cewa an gargaɗe ta ta ƙi ji. Hayaniya ta tashi. Wata daga Tansega ta ce a ba su wakensu su san yadda za su yi da shi. Wata ta ce in kowa ya kwashi nasa ya zuba a Puytenga rana ɗaya, ko kuɗin gishiri ba zai yi ba. Ana cikin haka Goggo Pogbi ta buga sandarta a ƙasa. Tsohuwa ce ƙanwar mahaifin marigayi mijin Sibdu, ba ta da haƙori ko ɗaya amma ba a katse ta.

"Matar ɗana," ta ce, "lokacin da kika zo ɗakina kina ce mini in bar jan wake, me na ce miki?"

"Kin ce ba kya son abin da mutum ɗaya ne kaɗai ke saye, Goggo."

"To. Da muna da ja, Fulani na saye, masu ƙosai na saye, mu ma muna ci. Gujjiya ko shekara ta yi ba ta lalacewa. Yanzu ga mu da abincin mutanen Gana, su kuma sun ce sun ƙoshi." Ta juya ga sauran. "Amma ku ma ku yi shiru. Da ana rabon kuɗi ban ji wadda ta ce Sibdu ta yi laifi ba. Ku bar ta ta nemo mana wata ƙofar."

Haka aka tashi, ba wanda ransa ya yi daɗi.

Zafin bazara ya shigo. Wata safiya Sibdu ta buɗe sito ta ji wani ɗumi da wari da ta sani. Ta soka hannu cikin ɗaya daga buhunan da suka dawo, ta fito da shi, ƙwari suna bin yatsunta. Waken da ke cikin buhu mai leda lafiyarsa lau, amma wanda ya sha ranar hanya a buhun tafiya ya fara huji. Ta zauna a kan buhun.

A nan maƙwabcin sitonta ya same ta, Alhaji Zugmore, dillalin masara da dawa. Ya leƙa, ya gani, ya koma shagonsa ya dawo da wani ƙunshin farin gari a leda, ba suna ba takarda.

"Hajiya, ba abin kuka ba ne. Cokali biyu a buhu, ki girgiza. Ko shekara zai yi ƙwaro ba zai kusance shi ba."

"Wannan ba maganin ƙwarin auduga ba ne, Alhaji?"

"Na auduga, na wake, duk ƙwaro ɗaya ne. Ai wankewa ake yi kafin a dafa. Rabin layin nan da shi suke aiki, kin ji an ce wani ya mutu?"

Ya ajiye mata a kan buhu ya fita. Sibdu ba ta mayar masa ba. Ta ɗauka ta sa a jaka, ta yini da shi. Tana ta lissafi a ranta: buhu ɗari da sittin, gumin mata ɗari da ashirin, ga magani a hannu kyauta. Da azahar ta je rumfar da takan ci benga, shinkafa da waken da aka kwarara wa mai da yaji. Mai abincin na zuba wa 'yan makaranta a kwanoni, tana kwasar waken daga tukunya da ruwansa, don ba mai zubar da ruwan wake, a nan daɗin yake. Sibdu ta kalli kwanonta ta kasa kai loma baki. Ta biya, ta tashi, ta wuce shagon Zugmore ta ajiye masa ƙunshinsa a kan sikeli.

"Na gode, Alhaji. Ba zan iya ba."

"To, ki ci gaba da kiwon ƙwari," ya ce. "Allah ya ba da sa'a."

Ta aika ƙauyuka aka zo. Kwana shida mata suna shanya wake a kan tamfol a filin ƙwallo, suna sheƙewa, suna tsince mai huji da hannu, suna mayar da mai kyau cikin buhu mai leda. Rana ta gasa su, ƙaiƙayi ya hana su sakat. Matan Tansega rabinsu ba su zo ba. Da aka gama, kusan buhu talatin sun tashi daga abincin mutane sun koma na tumaki.

Drabo ne ya kawo maganar Lome. Ya ce yakan sauke albasa a can, kuma ya san wata mata mai suna Mawuena da ke sayen wake tana raba wa masu dafa abinci a bakin tashar jirgin ruwa. Ya ƙara da cewa kuɗinsu sefa ne irin na gida, ba ruwan mutum da 'yan canji.

"Amma ki bar bakin nan naki a gida," ya ce. "Matan Lome sun fi ki iya faɗa."

"Da na san bawa zai yi mini rana, da na saya maka silifa iri ɗaya."

Wannan karon ba ta ɗauki mota ba. Ta ƙulla farin wake a ƙyalle, ta shiga bas. Da za ta tafi Goggo Pogbi ta aiko mata da wasu ƙulli biyu, ɗaya jan wake ɗaya gujjiya, daga ɗan abin da take nomawa a bayan ɗakinta, ta ce a kai wa mutanen bakin teku su gani ko su ma sun ƙoshi.

Sibdu ba ta taɓa zuwa Lome ba. Iskar garin mai danshi ta manne mata a jiki, ga yaren da ko kalma ɗaya ba ta kamawa. Da ɗan Faransancin da ta tsinta a kasuwa ta yi ta tambaya har ta sami shagon. Mawuena doguwar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ba ta tambayi lafiyar hanya ba, ba ta ba da abinci ba. Ta kwance ƙullin farin, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya.

"Kin sa magani?"

"Ban sa ba."

"Kowa haka yake cewa." Ta kira wata ma'aikaciyarta ta ce a ɗora a wuta ba tare da kanwa ba, ta duba agogo. Suka zauna jira kusan awa guda, Sibdu na jin kamar ita ce a cikin tukunyar. Da ya nuna, Mawuena ta ɗanɗana, ta kurɓi ruwan, ta jinjina kai.

"Ba magani. Amma yana cin gawayi. Matana da asuba suke dafawa, ba su da lokacin jira." Ta kai hannu ga sauran ƙullin biyu ta kwance. Nan fuskarta ta canja. "Wannan fa? Buhu nawa kike da shi?"

Jan waken Goggo Pogbi ne. Sibdu ta ji kunya ta rufe ta. "Babu ko ɗaya. Mun daina nomawa."

"Kun daina? Wannan ne masu shinkafa da wake ke nema, shi ke ba ta launi. Gujjiyar ma ina da masu so. Wa ya ce ku daina?"

"Ni," in ji Sibdu.

Mawuena ta dube ta ta saman tabarau. Ta ce za ta ɗauki buhu sittin na farin, a kan sikeli ba da kwano ba, kuma duk buhun da ta buɗe ta ga huji za ta mayar. Farashin da ta faɗa ya yi ƙasa da na Serwa a shekarun daɗi, ƙasa sosai. Sibdu ta buɗe baki za ta yi irin cinikin da ta saba, da rantsuwa da tashi da dawowa, sai ta ga matar ta riga ta juya ga wani. Ta ce ta yarda.

"In kin kawo ja da gujjiya baɗi, sai mu yi magana mai tsawo," in ji Mawuena. "Amma kada ki dogara da ni ni kaɗai. Ni ma yau ina nan, gobe ban sani ba."

Sauran waken a gutsure ya fita, kuma kowane gutsure sai da Sibdu ta taka da ƙafarta. Ta je Wagadugu sau uku kafin wasu mata masu niƙa garin ƙosai suna ƙullawa a leda su karɓi buhu hamsin. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Abijan ya ɗauki tamanin, bayan ya sa an sake tsincewa an ware manya da ƙanana. Wata makarantar 'yan mata ta mishan ta karɓi ashirin. Abin da ya rage aka yi ta aunawa da kwano a Puytenga har ruwan farko ya sauka. Gwiwoyinta suka kumbura saboda zaman bas, ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu.

Da aka zo rabo, abin da kowace mace ta samu bai fi rabin na bara ba. Ba a yi guɗa ba. Matan Tansega suka karɓi nasu, shugabarsu ta ce daga bana sun fita, za su riƙa sayar wa dillalan da ke zuwa har gona. Injin niƙan Yargo ya lalace, aka rasa abin gyara, ya zauna. 'Yan mata biyu daga Zaongo da Sibdu ta san iyayensu suka bar makaranta suka tafi aikatau Wagadugu. Wannan ya fi komai tsaya mata a rai, don a gabanta suka shiga mota.

Lokacin shuka ta sake bin gidaje kamar yadda ta yi shekara shida da suka wuce, sai dai yanzu roƙo take a raba gona uku, fari da ja da gujjiya. Irin jan ya yi wuya, sai da aka bi tsofaffi ana karɓar kwano ɗaya nan, rabi can. Wasu matan suka ce mata a fuska sun gaji da shawararta. Wata ta ce, "Jiya kin ce fari, yau kin ce ja, gobe kuma shuɗi za ki ce?" Sibdu ta haɗiye, ta ce wa matar tana da gaskiya, ta wuce gida na gaba. Kusan rabi suka bi ta. Sauran suka shuka abin da suka ga dama.

Kaka ta zo da matsakaicin amfani. Ana cikin sheƙa wayar Sibdu ta yi ƙara, ta ga sunan Serwa. Muryar ta dawo irin ta da, da ƙarfi da dariya.

"'Yar'uwa! Kasuwa ta farfaɗo. Mai arahar nan ya yanke, kowa farinki yake tambaya. Ki lodo mini duk abin da kike da shi, ko ɗari huɗu ne."

Sibdu ta koma gefe, ta zauna a kan turmi. Ta ji daɗin muryar har cikin ranta, kuma ta san in ta ce to, bana matan za su yi dariya.

"Tamanin zan kawo miki, Serwa."

"Tamanin? Sauran fa?"

"Farin ma bana bai kai ɗari biyu ba. Na yi wa wata alkawari a Lome, akwai na Wagadugu, akwai mai Abijan."

"Nawa suke ba ki? Zan ɗara su."

"Na sani. Ba don kuɗin ba ne."



"Fushi kike da ni," in ji Serwa a hankali. "Shekara goma sha huɗu, don shekara ɗaya."

"Wallahi ba fushi. Da ni ce a wurinki, abin da kika yi zan yi. Amma ba zan sake dawowa da mota cike ba, 'yar'uwa. Ba zan iya ba."

"To, na ji. Ki kawo tamanin ɗin." Ta kashe ba tare da ta tambayi yara ba.

Da labarin ya bazu cewa Gana ta nemi duka Sibdu ta hana, wasu matan suka yi mata ca, suka ce ta sa su asara sau biyu. Goggo Pogbi kaɗai ta ce a bar ta. Sibdu ba ta yi musu da kowa ba, don ita ma ba ta da tabbacin ta yi daidai. Mawuena ba ƙawarta ba ce, mai Abijan bai ɗaga waya ba sau biyu, kuma jan waken da aka samu bai kai abin da ta yi fata ba.

Ranar Laraba aka yi lodi kashi biyu. Tamanin na Teciman ta haɗa su da motar wani ɗan garin Kupela, ta sa atamfa turmi ɗaya da kwalbar man shanu a ba Serwa. Ita kuma ta hau gaban motar Drabo, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan jakarta, suka ɗauki hanyar Lome.